Ɓerayen Dokta Tijjani

A shekarar da wuta ta cinye Kasuwar Sabon Gari ina cikin waɗanda suka wayi gari suna tona toka da sanda. Rumfata ta littattafan addini ce da carbi da tawada, kayan da ba sa ba wuta wahala. Na gode wa Allah da ya bar mini raina da idona, na koma gida Fagge na zauna a zaure ina jiran abin da zai hukunta. Abin da ya zo shi ne saƙon Tijjani.

Bari in faɗi yadda muke da shi. Da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo, ruwan nono ya ɗauke mata. Maƙwabciyarmu Inna Falmata, wadda iyayenta suka zo daga Barno tun da daɗewa, tana goyon Tijjani a lokacin, sai ta haɗa mu ta shayar. Saboda haka a shari'a ɗan'uwana ne, ko ina so ko ba na so. Galibi ba na so. Tun muna makarantar allo shi ne mai cinye ƙosan wani, ya kuma taya shi nema.

Ya fi shekara goma a Malesiya. Duk Fagge Dokta ake ce masa, saboda hotunan da yake turowa cikin farar riga. Saƙon ya ce akwai attajirai da ke neman wanda zai koya wa 'ya'yansu Alƙur'ani, in sayar da abin da ya rage mini in taho. Da na je sallama, Inna Falmata ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Sabi'u, nono ɗaya kuka sha. Ka duba mini shi." Na ce to.

A Kuala Lumpur ya tarye ni da turare mai hawa kai da agogo kamar faifan tuwo. Kafin mu fita daga filin jirgi ya karɓi fasfona, ya ce a ƙasar nan wuri ɗaya ake adana su. Gidan Dokta kuwa ɗaki ne a saman shagon masu facin taya, da katifu a ƙasa da wasu samari 'yan Kano da shi ma ya kawo su. Bizar ɗalibi ya yi mini. Makarantar na je ta sau ɗaya: kujeru ne da allo da fanka, babu malami, babu ɗalibi, sai wani mutum mai karɓar sa hannu.

Na ce, "Tijjani, ina yaran da zan koyar?"

Ya ce, "A nan Dokta ake cewa."

"Ina yaran?"

"Gobe za ka gan su, Alaramma. Suna da yawa, kuma ba su da surutu."

A wannan kam bai yi ƙarya ba. Washegari ya kai ni wata jami'a, muka sauka ƙarƙashin gini, aka sa ni na canja kaya, na sa hula da takunkumi da safar hannu. Ya tura ƙofa. Ɓeraye ne, baƙaƙe ƙanana, keji bisa keji tun daga ƙasa har sama. Ashe wani ɗan kwangila ne yake da aikin tsaftar wurin, ya ɗauki Tijjani, shi kuma Tijjani ya ɗauke ni. Farar rigar da Fagge take yi wa kirari rigar masu wanke keji ce. Yanzu ma ya huta da wankin. Ni zan yi, albashi ya shiga hannunsa, ya ba ni na shinkafa, shi kuma ya ci gaba da sana'arsa ta gaskiya, wato jawo mutane daga gida da daɗin baki.

Na yi karatun fiƙihu, na san ɓera yana cikin abin da aka yarda a kashe ko mutum yana cikin harami. Ga ni yau ina yi masa shimfiɗa. Ɗakinsu da na'urar sanyi dare da rana, wuta ba ta ƙiftawa. Ruwan shansu sai an dafa. Garin katakon da suke kwana a kai sai an gasa shi a tukunyar ƙarfe. In mutum yana mura ba ya shiga wajensu. Na tuna ɗakin da matata ta haihu a ciki da hasken waya, na ce Allah mai iko, akwai ɓeran da ya fi mai unguwa gata.

Wadda take da ɓerayen wata mata ce, Malama Nuraini, gajera, mai tabarau da ɗan kwali har ƙirji. Wata rana ta same ni ina sallar azahar a ɗakin ajiyar abincinsu a kan buhu. Ta ja ƙofar ta wuce. Washegari na tarar da sabuwar darduma a wurin, da ƙullin shinkafa a ganyen ayaba. Ta yi makarantar addini tana yarinya, tana da ɗan Larabci, ni ma ina da nawa na littafi. Da shi muka riƙa lallaɓawa, inda ya ƙare mu cika da hannu.

Ita ta gaya mini abin da ake yi a wurin. Zazzaɓin cizon sauro suke bincike, irin wanda yake hawa kai. Na yi dariya. Na ce a garinmu wannan ba ciwo ba ne, gaisuwa ce. Ka tambayi mutum ina gajiya, ya ce ɗan zazzaɓi ne, ya wuce kasuwa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in riƙa duba kejin da ke jeri na ƙasa.

Na duba. Ana ɗebo jinin ɓera mai ciwon a yi wa lafiyayyu allura. Kwanakin farko ba ka ganin komai, suna ci suna tsalle. Kafin mako ya zagayo sai gashinsu ya tashi, su dunƙule a lungu. Sai ka ga ɗaya ya karkata kai gefe guda yana zagaya keji. Ƙafafun baya su mutu, yana jan su. Sai jijjiga, sai numfashi ya riƙa zuwa yana yankewa, sai shiru. Na san wannan. Na gan shi a jikin yara a layinmu, duk damina. Mu muna cewa iska ce ta taɓa yaro, a kawo hayaƙi, a kawo tafarnuwa. Ban musa akwai aljanu ba, Alƙur'ani ya faɗa. Amma ban taɓa jin aljanin da yake jiran a yi wa ɓera allura kafin ya shiga ba.

Wata rana ta kira ni teburinta. Ta yi wa ɓeraye biyu allurar wani ruwa shuɗi ta jijiyar wutsiya, ɗaya lafiyayye ɗaya mai ciwon, daga baya aka buɗe kawunansu. Ƙwaƙwalwar lafiyayyen fara tas, kamar ɗan curin kindirmo. Ta ɗayan kuwa ta rine, kamar an tsoma ta a marina an tsamo. Ta ce Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa katanga tsakaninta da jini, ba komai ne yake tsallakawa ba. Ciwon nan katangar yake farfasawa, ruwa ya yoyo ciki, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa, har ta danne wurin da yake riƙe da numfashi.

Na ce, "Haka yake yi wa mutum?"

Ta ce, "Kusa da haka, amma ɓera ba mutum ba ne. A mutum, ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga su ne suke manne wa ƙananan jijiyoyin kai, su cunkushe hanya. A ɓera, sojojin jikinsa ne suka fi yin ɓarnar garin faɗa da cutar. Shi ya sa sau da yawa mu warkar da ɓera, a je kan mutum abin ya ƙi."

"To wanda ya tashi fa?"

Sai ta kai ni wani ɗaki mai babban baho cike da ruwa, da wani ɗan dandamali a ɓoye a ƙarƙashin ruwan. Ɓeran da bai taɓa ciwo ba, in ya gano dandamalin, gobe kai tsaye zai nufe shi. Wanda ciwon ya hau masa kai kafin a ba shi magani, ya warke, ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi, amma a sa shi a ruwan sai ya yi ta bin gefen baho kamar yau ya fara ganinsa. Aikina ne in tsamo su in goge su da tawul. Na fi jin tausayin waɗannan a kan waɗanda suka mutu.

Haka na shekara. Bizata ta mutu, domin Tijjani ya daina biyan mai karɓar sa hannu. In na hango ɗan sanda sai in tsallaka titi. Ruwan sama a ƙasar kullum ne, amma ba ya tayar da ƙamshin ƙasa irin namu. Na yi kewar ƙarar 'yan adaidaita sahu, abin da a da nake tsine wa. Duk lokacin da na ce ya ba ni fasfona sai ya shafa ɗan makullin da ke rataye a wuyansa ya ce, "Haƙuri, Alaramma. Ba ku kuke wa'azinsa ba?"

Da damina ta yi tsakiya a gida, Tijjani ya shirya zuwa Kano, karon farko cikin shekaru masu yawa. Ya ɗinka shaddoji, ya sayi jakar likitoci a gwanjo. Malama ta ji labari ta tare shi a gabana da ƙwayoyin rigakafi, ta ce ya fara sha kafin ya tashi, ya kwana cikin gidan sauro. Ta ce wanda ya daɗe ba a cije shi ba, jikinsa ya manta yadda ake faɗan, ya koma kamar jariri ko baƙo.

Ya karɓa da godiya cikin Turanci. Muna fita ya jefa su a kwandon shara.

Na ce, "Ba ka ji abin da ta ce ba?"

Ya ce, "Ni za a koya wa sauro? A Fagge aka yanke mini cibiya. Sauron layinmu da sunana yake kirana. In shiga gidan sauro a gidan uwata, a ce Dokta ya zama Bature?"

Ya tafi, ya yi wata guda yana raba katin suna yana duba hawan jinin tsofaffi a ƙofar gida. Ya dawo da kilishi da yaji da Inna ta aiko mini, an riga an ci rabin kilishin. Ya ce kwastan ne.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya fara. Ya ce gajiyar hanya ce, ya sha maganin ciwon kai. Ya yi amai, ya ce shinkafar ƙasar nan ce. Na ce mu je asibiti, ya ce, "Likita ya je wajen likita a kan ɗan zazzaɓi?" Ƙaryar da ya daɗe yana sayar wa mutane ta zo ta sami mai saye a cikin gida. Sannan ya fara magana ba kai, yana kiran mai facin taya da sunan wani kawunsa da ya rasu.

Wata safiya na dawo daga masallaci na tarar samarin ɗakin suna haɗa jakunkuna. Tijjani yana ƙasa, idonsa a buɗe ba ya ganin kowa, haƙora a datse, ya yi fitsari a kwance. Babban cikinsu ya ce, "Malam, in motar asibiti ta zo, 'yan sanda suna bayanta, kuma babu mai takarda a cikinmu. Mun cire makullin wuyansa mun ɗauki fasfunanmu. Ga akwatin da yake kulle su nan a buɗe. Ɗauki naka mu tafi, mai gidan zai kira wanda zai kira."

Na ɗauki fasfona. Na sa a aljihu, na sa takalmi, na kai bakin ƙofa. Babu alƙalin da zai ce na zalunce shi. Sai numfashinsa ya canja, ya ja, ya yanke, ya daɗe, ya sake ja. Na waiwaya. Kansa ya karkata gefe guda. Na san wannan, irin na ɓerayen jeri na ƙasa ne, kuma na san abin da yake biyo baya. Ba Tijjani na tuna ba. Tsohuwa na tuna, zaune a kan tabarma tana cewa ka duba mini shi.

Na saɓa shi a kafaɗa. Matakalar gidan doguwa ce, shi kuma ya ci albashina ya yi nauyi. Duk abin da na tara masa a ciki a nan na zazzage. Na ce maƙaryaci, na ce macuci, na ce Doktan ɓeraye, ga sauron da ya san sunanka nan ya kira ka. Bai ji ko ɗaya ba, kuma wannan ya ƙara mini haushi. Mai facin taya ya ajiye aikinsa ya kai mu a motarsa, ya ƙi karɓar komai.

A asibiti na kira Malama ta yi musu bayani ta waya cewa daga Afirka ya dawo. Suka ɗebi jini, suka haska cikin idonsa, suka sa masa magani ta jijiya da bututu a maƙogwaro. Ta zo da kanta da rana. Ta ce hoton kansa ya nuna kumburi, sauran sai abin da Allah ya yi. Aka ce wane ne ɗan'uwansa, na ce ni ne. Aka ce in kawo takarda. Na miƙa fasfon da na san abin da ke cikinsa.

Bayan 'yan kwanaki jami'an shige da fice suka zo. Ina zaune kusa da gadonsa ina karanta masa Yasin, suka tsaya har na kai aya, sannan suka tafi da ni. Wurin da ake tsare marasa takarda ba zan tsawaita a kansa ba. Mutane ne daga ƙasashe da yawa a ɗaki ɗaya, ana kwana a gefe guda don wuri ya isa. Wani tsoho ɗan Bangaladash ya yaga kwalinsa biyu ya ba ni rabi, ni kuma nake ja musu salla. A nan na shirya jawabin da zan yi wa Inna Falmata. Na tsara shi babi-babi, tun daga fasfo har kilishi.

Malama da jama'ar masallacin unguwarmu suka haɗa kuɗin jirgi, suka daidaita tafiyata da sallamar Tijjani. A filin jirgi na gan shi a keken marasa lafiya. Ya farfaɗo, ya ma fara mayar da jiki. Hannun hagunsa yana rawa. Ya dube ni fuskarsa ta washe, irin farin cikin da bai taɓa yi da ganina ba.

"Sabi'u! Yaushe ka zo ƙasar nan?"

Na ce, "Na daɗe."

"Wa ya kawo ka?"

"Wani maƙaryaci."

Ya ɓata rai. Ya ce, "Ka nuna mini shi."

Kafin jirgi ya tashi ya sake tambaya. Aka kawo abinci ya sake. Tun ina amsawa da gatse har gatsen ya ƙare, domin babu daɗin zagin wanda ba ya ajiye zagi. Ya san sunan kowa a layinmu na da, ya san waƙoƙin tashe, amma abin da aka faɗa masa yanzu ba ya zama. In ya ta da salla sai ya tsaya a tsakiyar Fatiha yana dubana, in ɗora masa.

A Fagge layi ya cika, Dokta ya dawo. Wani ya kutso da takardar asibitin matarsa yana so a duba masa. Da suka ga yadda yake, nan take malaman bakin titi suka fara fatawa. Wannan ya ce jifa ne, hassadar 'yan'uwa. Wancan ya ce karatu ne ya yi masa yawa. Wani ya rage murya ya ce ƙwaya. Na ce sauro ne. Suka dube ni kamar na zagi mutumin. Suna tsaye a bakin kwatar da ta toshe tun kafin in tafi, suna kashe sauro a ƙafafunsu, suna cewa haba Malam, sauro kuma, kamar Dokta?

Na ja shi muka shiga gida. A tsakar gidan da aka haife shi ya tsaya. Ya nufi madafa, ya dawo, ya bi jikin katanga, ya sake nufar madafa. Inna Falmata tana bakin ƙofarta tana kallo. Ta tashi da sandarta, ta kama hannunsa mai rawar, ta shigar da shi ɗaki ta zaunar, ta sa masa tuwo a gaba. Sannan ta nuna mini tabarma.

Ta ce, "Sabi'u, me yake yi a can? Ban tambayi kowa ba, kai nake jira."

Jawabina yana nan a shirye. Na dubi Tijjani yana kai loma tana zubewa a kan sabuwar shadda. Na ce, "Inna, a gidan da ake neman maganin ciwon nan da ya kama shi yake aiki."

"Shara ko wanki?"

Na ce, "Wanki."

"Da ya zo da damina na riƙe hannunsa. Ba hannun mai wanki ba ne." Ta miƙo nata. "Kawo naka."

Na miƙa. Ta shafa tafin, inda sabulun keji ya cinye fata, ta juya bayan, ta daɗe ba ta saki ba.

Ta ce, "Kuma ka ɗauko shi."

Tijjani ya ɗago daga kwano ya ce, "Sabi'u, yaushe ka zo?"

Inna ta ce, "Yanzu ya zo. Ci abincinka." Sannan ta ɗora hannu a ƙirjinta ta dube ni. "Nonon da ka sha, na yafe maka shi duniya da lahira. Daga yau in ka shigo gidan nan, don Allah ka shigo, ba na bin ka komai. Tashi ka je, matarka tana jira."

Na ce amin, na ɗauki takalmina.